Ɗalibin Ƙasar Hausa a Alƙahira: Zaman Yau da Kullum da Yawon Buɗe Ido

Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar, tana cikin garuruwan ƙetare da mutanen ƙasar Hausa da Barno suka fi daɗewa suna zuwa neman ilimi. A da ayari ne ke kai mutum, ta Agadas da Murzuk ko ta Wadai da Darfur, tafiyar watanni a kan raƙumi. Yau jirgin sama daga Kano yana sauke fasinja cikin awa huɗu zuwa biyar. Babban abin da ke jawo ɗalibai har gobe shi ne Azhar, wadda ta samo asali daga masallacin da Jauhar as-Siƙilli, kwamandan daular Faɗimiyya, ya aza harsashinsa a shekarar 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Wata doka ta 1961 ta mayar da ita jami'a irin ta zamani, aka ƙara mata tsangayoyin likitanci da injiniyanci da aikin gona. Ban da ita akwai Jami'ar Alƙahira da ta Ain Shams, da jami'o'i masu zaman kansu a sababbin garuruwan da ke kewaye da birnin, inda ake koyar da likitanci da haɗa magunguna da Turanci. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya ƙara yawan ɗaliban, domin wasu daga cikin waɗanda aka kwaso daga Khartum sun dawo Masar don ƙarasa karatunsu.

Zaman mutanen wannan yanki a birnin ba sabon abu ba ne. Masanin tarihi al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ, ta 'yan mazhabar Malikiyya, wadda mutanen Kanem suka biya kuɗin gininta a Fusɗaɗ wajen tsakiyar ƙarni na 13. A cikin masallacin Azhar kansa an keɓe wa Barnawa ruwaƙi, wato ɓangaren kwana da karatu, kamar yadda aka keɓe wa Magribawa da Shamawa da Turkawa. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya shahara a ilimin hisabi da taurari, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa. Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti.

Masauki da takardu

Wanda ya zo da tallafin Azhar yakan samu gado a Madinatul Bu'us, unguwar kwanan ɗaliban ƙetare da aka buɗe a Abbasiyya a ƙarshen shekarun 1950. Ɗalibai suna ce mata Bu'us kawai. A ciki akwai ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da masallaci da filin ƙwallo, kuma mutum yakan tarar maƙwabcin ɗakinsa ɗan Indonesiya ne ko ɗan Senegal ko ɗan Afganistan. Mata suna da nasu masauki daban, kamar yadda tsangayoyinsu na karatu suke daban da na maza. Amfanin Bu'us a fili yake: babu kuɗin haya, akwai abinci, akwai tsaro. Abin da ke damun wasu shi ne dokar shiga da fita da kuma cunkoso.

Mafi yawan waɗanda suka zo da kuɗinsu gida suke kamawa a gari. Unguwar Hayyul Ashir da ke Madinat Nasr ta yi suna wajen tara 'yan Afirka da 'yan Asiya saboda sauƙin haya, sai Darrasa wadda ke dab da masallacin Azhar, inda masu son zaman gaban malamai suka fi so. Ɗalibai huɗu ko shida sukan haɗa kuɗi su kama shaƙƙa guda, wato gida mai ɗaki biyu ko uku a saman bene, su raba haya da wuta da gas. Kafin a ba da makulli sai an sallami simsar, dillalin gida ke nan, an kuma ajiye kuɗin jingina na wata ɗaya ko biyu. A ƙofar yawancin benaye akwai bawwab, mai gadi da ke zaune da iyalinsa a ɗakin ƙasa. Shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita, shi ake aika neman mai gyaran famfo, don haka sabon ɗalibi ba ya daɗewa yake gane cewa gaishe shi da ɗan ihsani a ƙarshen wata ba asara ba ne.

Sai iƙama, takardar izinin zama. Kusan duk hirar ɗalibai sai ta biyo ta kanta. Kafin a buga ta a fasfo sai ɗalibi ya karɓo shaidar cewa yana karatu daga tsangayarsa, ya haɗa da takardar haya da hotuna, ya tafi ofishin shige da fice. Shekaru da yawa wannan aikin a Mugamma ake yinsa, ƙaton ginin gwamnati da ke dandalin Tahrir, kafin a mayar da shi Abbasiyya a 2019. Ana sammako a kama layi, kuma ba abin mamaki ba ne a ce wa mutum ya dawo gobe. Iƙamar karatu ba ta ba da izinin aiki, kuma wanda ya bari tasa ta ƙare yana iya haɗuwa da tara ko tsarewa. Tsofaffin ɗalibai da ƙungiyoyinsu na ƙasa da na jiha su ne ke riƙe hannun sabon zuwa a wannan fage, tun daga tarbarsa a filin jirgi har zuwa ranar da zai iya bin layi da kansa.

Harshe da aji

Wanda ya yi shekaru yana karanta nahawu a zaure ko a Islamiyya yakan sauka da tabbacin ya iya Larabci, sai direban tasi na farko ya rushe masa wannan tabbaci. Larabcin titi a Masar, wanda ake kira ammiyya, ya yi nisa da na littafi. Mutanen Alƙahira suna furta jimun kamar "g", suna haɗiye ƙafun, suna da kalmomin yau da kullum da ba a haɗuwa da su a Alfiyya. Idan baƙo ya yi musu fusha zalla, wato Larabcin littafi, a kasuwa, wasu su yi murmushi, wasu su amsa da irin muryar mai huɗuba don zolaya. Matsalar ba ta tsaya a kasuwa ba, domin malamai da yawa a jami'a sukan fara darasi da fusha, in bayani ya yi zafi su zarce da ammiyya. Ɗalibin da ya ƙi koyon ta saboda yana ganin gurɓataccen Larabci ce, kansa ya cuta.

Ba kowa ke shiga jami'a kai tsaye ba. Wanda Azhar ba ta amince da takardar sakandarensa ba sai ya zauna jarrabawar tantance mataki, a sa shi ajin koyon Larabci ko makarantar share fage ta ɗaliban ƙetare, wani lokaci na shekara biyu ko fiye. Wannan ne ya sa karatun da aka yi wa lissafin shekara huɗu a gida yakan kai shida ko bakwai. A tsangayoyin Shari'a da Usuluddin da Lugga da Da'awa, kowane darasi yana da muƙarrar, littafin da aka wajabta, sau da yawa wanda malamin da kansa ya rubuta. Jarrabawa sau biyu ce a shekara, ɗaya cikin Janairu, ɗaya wajen Mayu da Yuni, ga kuma ta baka a haddar Alƙur'ani. Sakamako yana fita da daraja: mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul. Mahaddacin da ya taso a tsangaya da riwayar Warshu sai ya saba da ta Hafsu, domin da ita ake karatu a Masar yau, duk da cewa Imamu Warshu kansa Bamisire ne.

Karatu na biyu yana cikin masallacin Azhar da zaurukan malamai da ke lungunan bayansa. Nan ana zama a ƙasa, ana bin littafi daga bango zuwa bango, babu kuɗi, babu rajistar dole. Ɗalibai da dama suna cewa jami'a ce ke ba da takarda, amma a nan ake samun karatu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake wanda ya yi sakaci da muƙarrar zai maimaita aji komai yawan zaurukan da ya zauna.

Ci da sha da aljihu

Abincin talakan Masar mai sauƙi ne kuma mai riƙe ciki. Da safe ful ne, wake da aka dafa dare guda har ya yi laushi, a zuba masa mai da lemon tsami, sai ɗa'amiyya, wadda ake soyawa daga niƙaƙƙen wake da ganye. Duka ana cin su da gurasar da suke kira aish baladi. Da rana koshari ne sarki: shinkafa da taliya da adas, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa da ruwan tafarnuwa. Matsayinsa a wurin ɗalibi shi ne matsayin garau-garau a Kano, abincin da ake ci a ƙoshi ko da aljihu ya yi sanyi. Akwai abubuwan da ba baƙi ba ne ga Bahaushe ko kaɗan. Mulukiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, kuma a shagunan lemo ana sayar da ruwan tsamiya da na goriba kusa da ruwan rake.

Duk da haka marmarin tuwo ba ya barin mutum. Jakar mai dawowa daga hutu ba ta rasa kuka da daddawa da yaji da kilishi da busasshiyar kuɓewa, kuma saƙon iyaye yakan biyo hannun duk wanda aka ji zai taho. A gidan haya ana raba girki kwana-kwana, har samarin da ba su taɓa riƙe muciya ba a gida su koyi tuƙa tuwon shinkafa ko na semo. Mai sayar da tukunyar gas yana bin layi yana ƙwanƙwasa ta da ƙarfe don a san ya iso, matan unguwa kuma suna zuro kwando da igiya daga bene su karɓi cefane ba tare da sun sauko ba.

Lissafin kuɗi ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. Kafin Nuwamban 2016 dalar Amurka ɗaya ba ta kai fam 9 na Masar ba a farashin hukuma. Bayan karya darajar kuɗin sau da yawa, a Maris na 2024 ta kai wajen fam 50. Da naira ta tsaya da ƙafafunta, da wannan ya zama sauƙi ga mai karɓar kuɗi daga gida, to amma ita ma ta faɗi tun daga Yunin 2023, ga haya da kayan masarufi sun tashi. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda sefarsu ke ɗaure da kuɗin Turai, sun fi samun sassauci. Masu tallafin gwamnatocin gida kan yi watanni suna jiran alawus. Shi ya sa wasu ke neman na kashewa ta hanyar yi wa marasa lafiya da suka zo asibiti daga Najeriya tafinta, ko rakiyar 'yan kasuwa, ko aika littattafai da jallabiya da turare gida, ko koyar da Alƙur'ani ta intanet. Irin wannan nema yana rufa asiri, amma ya sha cinye karatun waɗanda suka ba shi ƙarfi fiye da kima.

Hanya, yanayi da mutane

Alƙahira da kewayenta suna ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma cunkoson motocinta sananne ne. Mafita ita ce metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe layinsa na farko a 1987, irinsa na farko a nahiyar Afirka. A kowane jirgi akwai taragon da aka keɓe wa mata. Inda metro bai kai ba sai ƙananan bas farare, waɗanda ake tsayarwa da alamar hannu, kowace unguwa da alamarta. Fasinja na baya yana miƙa kuɗinsa hannu da hannu har ya isa ga direba, canji ya dawo ta wannan hanya. Tsallaka titi kuwa sai an koya, don mota ba ta cika tsayawa ba, mai tafiya ne ke ratsawa a hankali.

Sanyin Disamba zuwa Fabrairu yana ba sabon zuwa mamaki. Da dare ma'auni yakan sauka zuwa digiri 9 ko 10, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, ga shi a lokacin ake jarrabawar zangon farko. Kasuwar gwanjo ta Wikalatul Balah da ke Bulaƙ ita ce wurin neman rigar sanyi mai araha. Daga Maris zuwa Mayu iskar hamsin tana tasowa daga sahara da ƙura mai zafi, sai bazara ta biyo baya. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, ɗalibi yana iya shekara bai ji tsawa ba. Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi ranar aiki ce, kuma birnin ba ya barci da wuri: shaguna da wuraren shan shayi a buɗe suke har tsakar dare.

Misirawa mutane ne masu barkwanci da son hira, suna girmama ɗan Azhar, kuma tsoho a cikin bas yana iya biya wa ɗalibi kuɗin mota don neman lada. Amma akwai ɗaya gefen da bai kamata a ɓoye ba. Baƙar fata yakan ji yara da matasa suna jifansa da sunaye a kan titi saboda launinsa, kuma ɗalibai mata sun fi fuskantar tsangwama. Yawanci ana shawartar sabon zuwa ya yi kunnen uwar shegu, ya riƙa yawo da kwafin fasfonsa, ya nisanci taron siyasa da ɗaukar hoton gine-ginen soja da na 'yan sanda.

Watan azumi shi ne lokacin da ɗalibi ya fi jin daɗin garin. Ana rataye fitilun fanus a kan tituna, masu hali suna shimfiɗa teburan buɗa-baki kyauta a bakin hanya, waɗanda ake kira ma'idatur Rahman, masallacin Azhar kuma yana ciyar da dubban ɗaliban ƙetare a farfajiyarsa kowace yamma. Ranar salla ce kewar gida ke tsananta. Ɗalibai sukan sa manyan kaya, su taru a gida ɗaya, a yi tuwo da miyar taushe, a buga waya gida.

Yawon buɗe ido

Babu ɗalibin da zai koma gida ba tare da hotonsa a gaban dalolin Giza ba, domin shi ne abin da za a fara tambayarsa. Suna gefen yamma na Kogin Nilu, inda gine-ginen birni suka ƙare sahara ta fara. Mafi girma, ta Fir'auna Khufu, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce da duwatsu fiye da miliyan 2, tsayinta na asali mita 146. Kusa da su ga Abul Haul, gunkin dutse mai jikin zaki da kan mutum. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, amma katin ɗalibi yana rage rabi, a nan da sauran wuraren tarihi. Masu raƙuma da dawakai da ke wurin gwanaye ne wajen ciniki, kuma ƙa'idar da kowa ke koya ita ce a gama magana kan kuɗin hawa da na sauka tun ƙafa tana ƙasa.

Kayan fir'aunoni yanzu sun rabu gida uku. Akwai tsohon gidan tarihi na Tahrir da aka buɗe a 1902. Akwai na Fusɗaɗ, inda aka mayar da busassun gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 cikin gagarumin biki a Afrilun 2021. Sai sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalolin, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, inda aka tattara kayan kabarin Tutankhamun sama da 5,000 da aka gano a 1922. Ɗalibai Musulmi sun fi tururuwa zuwa na Fusɗaɗ don ganin gawar Ramsis na Biyu da ta ɗansa Merneptah, saboda yaɗuwar maganar cewa ɗayansu ne Fir'aunan Annabi Musa. Masana tarihi ba su da hujja yankakkiya a kan haka, kuma allon da ke gaban gawar bai faɗi hakan ba, sai dai mai rakiya ya faɗa.

Ga mai karatun addini da tarihi, tsohon birnin Musulunci ya fi dalolin amfani, kuma yawancinsa da ƙafa ake zagayawa. Daga ƙofar Azhar, tsallaka titi kawai ke kai mutum masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, wadda asalinta ke komawa ƙarshen ƙarni na 14. Titin Mu'izz ya ratsa tsakiyar birnin Faɗimiyya daga ƙofar Babul Futuh ta 1087 zuwa Bab Zuwaila ta 1092, tafiyar kusan kilomita ɗaya, jere da masallatai da makarantu da wuraren shayar da ruwa na sadaka. A nan ne ginin Sarki Ƙalawun yake, wanda ya haɗa makaranta da asibiti tun ƙarni na 13. Ta kudu akwai masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiya da matakalarta ke kewaye ta waje, da makarantar Sultan Hasan da aka fara a 1356, inda aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun nan ɓangarenta. Wanda ya karanta saɓanin malamai a littafi, a nan yake ganin yadda aka zaunar da su a gini ɗaya. A saman tudu ga ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176, da masallacin Muhammad Ali na ƙarni na 19, inda ake hango birnin gaba ɗaya, har da dalolin Giza in ƙura ta lafa. Can a Fusɗaɗ kuma masallacin Amru ɗan Asi yake, wanda aka kafa wajen 642, na farko a Masar. 'Yan taku kaɗan daga nan sai unguwar Kibɗawa da tsofaffin majami'unsu, ciki har da ta Abu Sarga, inda Kiristocin Masar suka yi imani cewa Nana Maryamu da Annabi Isa sun fake.

Akwai wata ziyara da ba ta cikin jerin kamfanonin yawon buɗe ido, amma ta fi kowace taɓa ɗalibin ƙasar Hausa, wato maƙabartar Ƙarafa da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam. A nan Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, yake kwance ƙarƙashin babbar ƙubba, Laisu ɗan Sa'adu yana kusa da shi. A wannan yanki aka binne Ibnul Ƙasim da Ashhabu, almajiran Imamu Malik waɗanda sunayensu suka cika littattafan fiƙihun Malikiyya, haka ma Imamu Warshu da Ibn Aɗa'illah mai Hikam. Jalaluddin as-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, kabarinsa yana kusa da ƙofar Ƙarafa. Shi ne ɗaya daga cikin Jalalai biyu da suka rubuta tafsirin da ake karantawa a masallatan ƙasar Hausa duk watan azumi, kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. In aka ƙara da cewa mawallafan Ishmawi da Iziyya da Muhtasar duk Misirawa ne, sai a ga cewa kaso mai tsoka na karatun zaure daga wannan ƙasa ya fito. Ɗalibai sun sha bamban kan hukuncin abin da wasu masu ziyara ke yi a wuraren nan, kamar yadda suka sha bamban a gida, kuma muhawarar takan biyo su har cikin motar dawowa. Wani abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne iyalai da yawa suna zaune a cikin maƙabartar, suna girki da shanya a farfajiyar kaburbura, ga kuma sababbin tituna da gadoji da suka ci wani sashe nata a 'yan shekarun nan.

Yawon da ba ya cin kuɗi shi ne na yamma: tsayawa a gadar Ƙasrun Nil ana shan iska, ko haɗa kuɗi a hau faluka, jirgin ruwa mai filafilai, na awa guda, ko zama a lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a wurin da a da juji ne. Masu son littafi suna da lungun Darbul Atrak a bayan Azhar da rumfunan tsofaffin littattafai na Azbakiyya. Baje kolin littattafai na duniya da ake yi tun 1969 yana zuwa a ƙarshen Janairu, daidai hutun tsakiyar shekara, kuma ɗalibai da yawa suna tara kuɗi tun watanni kafin lokacin.

A wannan hutun ne ƙungiyoyin ɗalibai ke shirya rihla zuwa wajen birni. Mafi sauƙi ita ce Iskandariyya, kimanin kilomita 220, a je a dawo rana ɗaya. Ga da yawa daga cikin 'yan Arewa da 'yan Nijar, nan ne ganinsu na farko da teku. Ana ziyartar ganuwar Ƙaitbai da aka gina a ƙarni na 15 a gurbin tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa, da sabon ɗakin karatu na 2002, da masallacin Busiri mai Burda, dab da na Abul Abbas al-Mursi. Luksor da Aswan suna can kudu, tafiyar dare guda a jirgin ƙasa, inda ake ganin haikalin Karnak da Kwarin Sarakuna da madatsar ruwan da aka gama a 1970. A Aswan ɗalibi yakan ji ya saki jiki, domin Nubiyawan yankin baƙaƙe ne, ba wanda ke waiwayensa. Masu ƙarfin gwiwa suna zuwa Sina'i su hau dutsen da ake kira Jabal Musa, mai tsayin mita 2,285. Ana fara hawa da tsakar dare don a riski fitowar rana a sama, cikin sanyin da ke sa a yi hayar bargo daga Larabawan ƙauyen wurin.

Shekarar ƙarshe tana da nata zirga-zirgar. Takardar kammalawa sai an kai ta an buga mata hatimi a jami'a, da ma'aikatar harkokin wajen Masar, da ofishin jakadancin ƙasar ɗalibi, kuma ɗan Najeriya yana buƙatar a tantance ta a ma'aikatar ilimi a Abuja kafin ya shiga hidimar ƙasa. Littattafan da aka tara shekara da shekaru ba sa shiga jaka biyu da jirgi ya yarda a ɗauka, don haka ake ɗaure su a kwali a ba masu jigilar kaya, su iso Kano ko Yamai bayan mai su da makonni. Katifa da tukwane da rigunan sanyi kuwa ana barin su ga waɗanda suka iso a wannan shekarar.